Zumunci a ƙafa yake: abin da ke mayar da mutane ajin rawar motsa jiki

Shekara uku da suka wuce likita ya duba yayata a Kaduna ya ce jininta ya hau, suga ma ya fara leƙowa. Ya rubuta magani, sannan ya faɗi abin da kowane likita ke faɗa: a rage gishiri, a rage maiƙo, a riƙa motsa jiki. Mijinta bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya sayo mata keken nan na cikin ɗaki, aka kafa shi a kusurwar falo. Ta hau shi sati biyu da kyakkyawar niyya. A sati na uku ta fara tsallake rana, kafin wata ya cika ƙura ta fara hawa kansa. Na san Yaya, ba raguwa ba ce. Mace ce da ke tashi kafin kiran assalatu ta sallami yara biyar sannan ta kama hanyar aiki. Da na tambaye ta sai ta ce, "Ke dai bari. Mutum ya zauna shi kaɗai yana murza ƙafa yana kallon bango, minti goma sai ki ji kamar awa guda."

Wata maƙwabciya ce ta ja ta zuwa wani aji na mata zalla, a zauren wata makarantar firamare da ake ba su haya bayan an tashi yara. Litinin, Laraba da Asabar, bayan la'asar. Lasifika ɗaya, malama matashiya a gaba, mata ashirin da 'yan kai a bayanta suna bin takunta. A wata na biyu zazzaɓi ya kwantar da Yaya, ta yi fashi sau biyu. Ina gidan wayarta ta yi ƙara, na ji muryar wata daga can tana cewa, "Maman Ummi, lafiya kuwa? Wurinki na nan ba wanda ya tsaya, har Hajiya Babba ta yi cigiyarki." Ranar Asabar ta ɗaura ɗankwali ta tafi, alhali jikin bai gama warwarewa ba. Tun daga ranar nake juya wannan kiran wayar a raina, domin a ganina shi ne bakin zaren maganar gaba ɗaya.

Amfanin motsa jiki ba abin da ake jayayya a kai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babban mutum ya samu aƙalla minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a kowane mako. Alƙaluman da ta fitar a 2024 sun nuna cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, mutum kusan biliyan 1.8, ba sa kai wannan mizanin, kuma mata sun fi maza baya, kashi 34 a kan kashi 29. Masu binciken motsa jiki kuma sun daɗe suna nanata cewa kusan rabin waɗanda suka fara wani tsari na atisaye suna watsar da shi kafin wata shida. Ke nan farawa ba ta da wuya, kowa na iya farawa ranar da likita ya tsorata shi. Dawowa a mako na goma sha biyu, ranar da ake yayyafi kuma ga gajiya, ita ce aikin. Ajin rawa ya shahara ne saboda ya samo wata amsa ga wannan, kuma waɗanda suka fara gano amsar ba likitoci ba ne.

A 1969, a garin Evanston da ke gefen Chicago a Amurka, wata ƙwararriyar mai rawa, Judi Sheppard Missett, tana koyar da rawar jaz. Ta lura ɗalibanta, yawancinsu matan aure masu yara, suna zuwa sau biyu ko uku sai su ɓace. Da ta bincika sai ta gane ba su zo don su zama gwanayen rawa ba, sun zo ne jikinsu ya yi ƙarfi, su kuma ji daɗi. Ita kuwa tana ta gyara musu tsayuwa da ɗaga hannu a gaban katafaren madubi, kowace tana kallon kuskurenta da tumbinta. Sai ta yi abu guda mai sauƙi: ta juyar da su suka ba madubin baya, ta sauƙaƙa takun, ta ce su dube ta kawai su bi. Ajin ya cika har ɗakin ya yi kaɗan. Daga nan aka samu tsarin rawar motsa jiki da ake kira Jazzercise. Da ta koma kudancin Kalifoniya, da yawa daga ɗalibanta matan sojoji ne, kuma duk wadda aka canza wa mijinta wurin aiki sai ta tafi da ajin sabon gari. Haka abin ya bazu, daga hannun mace zuwa hannun mace.

Wannan juyawar daga madubi ta fi ƙarfin dabarar koyarwa. Mace mai shekara arba'in da biyar, wadda ta haihu shida, jikinta ya canza, rabonta da gudu tun tana firamare, abin da ya fi tsaya mata a rai kafin ta shiga irin wannan wuri shi ne ido. Wa zai gan ni, me za a ce, yaya zan yi idan kowa ya yi dama na yi hagu. Madubi yana ninka wannan idon, ya mayar da ita mai yi wa kanta alƙalanci. Idan aka kawar da shi, abin da take gani sai bayan wata mace irinta, ita ma tana haki, ita ma tana kuskure, kuma ba wanda ya tsayar da kiɗa saboda haka.

Shekaru da dama bayan haka wani matashi a birnin Cali na Kolombiya, Alberto Pérez, wanda aka fi sani da Beto, ya isa ajin da yake koyarwa ya tarar ya manta kaset ɗin da aka saba atisaye da shi. Kamar yadda yake ba da labari, sai ya sa kaset ɗin da yake saurare shi kansa, kiɗan salsa da merenge, irin wanda ake sakawa a biki da kan titi, ya ƙago takun nan take. Ɗaliban suka ƙi yarda a koma tsohon tsari. Ya ƙaura Miami a 1999, a 2001 kuma ya haɗu da wasu 'yan kasuwa biyu, Alberto Perlman da Alberto Aghion, suka kafa Zumba. Kamfanin yana cewa mutum miliyan 15 ke halartar azuzuwansa a kowane mako a ƙasashe sama da 180. Wannan lissafin nasu ne, amma ko an rage masa wani abu, ba ƙaramin taro ba ne. Abin da Beto ya ƙara a kan na Missett shi ne rage magana. Mai koyar da Zumba ba ya tsayawa ƙidaya da bayani, da hannu da ido da kaɗa kai yake nuna inda za a nufa. Shi ya sa baƙuwar da ba ta jin yaren gari za ta iya shiga aji yau ta bi sahu. Wani ƙaramin bincike da aka yi a Jami'ar Wisconsin da ke La Crosse a 2012, kan 'yan mata 19, ya samu suna ƙona kalori, wato ma'aunin kuzarin da jiki ke kashewa, kusan tara da rabi a minti guda. Aiki ne na gaske, sai dai mai yin sa hankalinsa na kan kiɗa da ƙafar ta gaba, bai cika lura da agogo ba.

To, me ya sa motsi tare yake ɗaure mutane haka? Masu bincike daga Jami'ar Oxford, cikinsu har da Bronwyn Tarr da Robin Dunbar, sun gwada wannan a Brazil, suka wallafa sakamakon a 2015. Sun ɗauki 'yan sakandare 264 suka raba su rukuni-rukuni. Wasu suka yi rawa taku ɗaya a lokaci ɗaya, wasu kowa da nasa, wasu da ƙarfi, wasu a zaune a hankali. Kafin rawar da bayanta ana ɗaura wa kowa abin awon jini a damtse, a yi ta hura shi har sai ya ce ya isa. Waɗanda suka yi taku ɗaya sun fi jure matsin bayan rawar, kuma sun ce sun fi jin kusanci da abokan rawarsu. Ƙarfin motsin ma ya yi irin wannan tasiri a nasa ɓangaren. Fassarar masu binciken ita ce jiki na sakin sinadaran nan masu kashe zafin ciwo da sa nishaɗi, waɗanda ake kira endofin, sa'ad da mutum ya ji motsinsa ya daidaita da na wasu.

Bahaushe ba sai an kai shi ɗakin gwaji ba kafin ya yarda da wannan. Wanda ya taɓa ganin gayya ya san abin da gangar noma ke yi wa samari a kan kunya, yadda fartanya ashirin ke sauka tare kamar hannu ɗaya ke riƙe da su, a nome gonar da mutum ɗaya zai kwana bakwai a kanta. Wadda ta tashi a gidan yawa ta san lugude, mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya, taɓarya na tashi ana tafawa kafin a cafe, surfe ya zama wasa. Ga gaɗa a dandali da daren farin wata. Duk waɗannan aiki ne mai fitar da gumi wanda kiɗa da jama'a suka rage wa nauyi. Injin niƙa ya zo ya hutar da mata daga daka, kuma ba mai hankalin da zai ce a koma. Famfo da babur da mota sun ɗauke tafiyar rijiya da ta kasuwa. Amma da wahalar ta tafi, ta tafi da motsin da kuma haɗuwar, a birni kuwa ba a samu abin da ya maye gurbinsu ba. Macen da ke zaune a gidan haya mai get, ba ta san sunan ta gidan gaba ba, ita ce ke biyan kuɗin wata don ta samu awa guda na abin da kakarta ke samu kyauta a tsakar gida.

Sai dai ina ganin masu bayanin sinadarai suna tsayawa a rabin hanya. Daɗin da ake ji bayan rawa yana gushewa kafin a yi isha'i. Abin da ke tayar da mutum ranar Laraba wani abu ne daban, wanda ba ya buƙatar na'urar awo. Na raka Yaya sau ɗaya na gani da idona. Ba a rubuta sunan kowa a ƙasa ba, amma kowace ta san wurinta. Wata dattijuwa mai ciwon gwiwa tana tsayawa kusa da taga, da kujerar roba a gefenta don idan ta gaji. Wasu malaman asibiti biyu suna zuwa a makare kullum, an bar musu gefen ƙofa. Yaya tana sahu na uku daga hagu. Idan mutum bai zo ba, gurbinsa na nan a buɗe kowa na gani, kamar giɓin haƙori. A wurin ɗaga ƙarfe ko kan keken falo, in ka yi fashi ba wanda ya sani sai kai. A nan kuwa rashinka yana da siffa. Daidai yake da adashi. Kowa na iya tara kuɗi a asusu shi kaɗai, amma mun san yadda ake fasa asusu. Zubin adashi ba ya tsallake rana saboda akwai uwar adashi, akwai kuma idon sauran masu zubi.

Minti goma na farko da goma na ƙarshe, waɗanda ba sa cikin lissafin atisayen, su ne inda ake ƙulla abin. Ana canza takalmi ana tambayar mai jiki, ana miƙa wa juna ruwa, wata ta kawo turaren wuta na sayarwa, wata na neman mai koya wa ɗanta lissafi. Da mahaifin ɗaya daga cikinsu ya rasu, motoci uku suka yi zuwa gaisuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da kaɗaici ya kai matsayin da babban likitan gwamnatin Amurka na wancan lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman a kansa a 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta kafa kwamiti a kansa a shekarar.

Amma igiyar da ke ɗaure na ciki ita ce ke tare na waje, kuma masu yabon waɗannan azuzuwa ba su cika son a taɓo nan ba. Ajin da ya shekara biyu tare ya riga ya haddace takun, yana da barkwancinsa, yana da manyansa. Baƙuwa ta shigo ta tsaya a wurin da ba ta san na wata ba ne, a yi mata wani kallo, ta koma can baya inda ba ta ko hango ƙafar malama. Kiɗa ya tashi kowa ya juya, ita kaɗai ta fuskanci jama'a. Ba wanda ya zage ta, ba kuma wanda ya tambayi sunanta. Ba za ta dawo ba, 'yan ajin kuma za su ci gaba da cewa ajinsu kamar 'yan uwa suke, kuma gaskiya suka faɗa. Sahun gaba yakan zama na masu kayan wasanni masu tsada da jikin da ya riga ya faɗa, mai ƙiba da mai shekaru, waɗanda suka fi kowa buƙatar wurin, su ne ke raɓewa a bango. A nan ake gane malamar kirki. Ta Yaya tana da wata al'ada da ta burge ni: duk ranar da aka yi baƙuwa sai ta sa waƙa ɗaya mai taku huɗu kacal, ta kira wata tsohuwar ɗaliba da suna ta ce, "Anti, ga ƙanwarki nan, ki riƙe min ita." Wannan ba ya cikin abin da ake koyarwa a horon kwana ɗaya.

Na ce horon kwana ɗaya, domin haka tsarin yake. Kamfanin Zumba ba ya gina wuraren motsa jiki, ba ya kuma ɗaukar masu koyarwa aiki. Mutum ne zai biya kuɗi a horar da shi, galibi cikin yini guda, a ba shi lasisi, sannan ya riƙa biyan kuɗin wata-wata don a riƙa turo masa sabon kiɗa da sabon taku, ya kuma ci gaba da amfani da sunan. Wannan ne ya sa abin ya yaɗu kamar wutar daji, don duk mai sha'awa na iya buɗe aji a zauren coci, ko makaranta, ko garejin gida. Amma nauyin duka yana kan mai koyarwa. Ita za ta nemo wuri, ta biya haya, ta sayi lasifika, ta sayi man janareto, ta haddace sunaye, ta kira wadda ba ta zo ba, ta saurari wadda mijinta ya ɓata mata rai. Zumuncin da ake tallar kamfani da shi, mace ɗaya ce ke saƙa shi da hannunta, kuma mafi yawan wannan aikin ba a biyanta. Sannan kuɗin shiga, komai ƙanƙantarsa, ƙofa ce. Wadda ke lissafin kuɗin cefane ba za ta ware na rawa ba.

Abin sha'awa, ƙasar da ta haifi Beto ita ce ta nuna wata hanyar. Tun 1974 birnin Bogota ya fara rufe wasu manyan tituna ga motoci don masu keke da masu tafiya a ƙasa, abin da suke kira Ciclovía. Yanzu duk Lahadi da ranar hutu, daga bakwai na safe zuwa biyu na rana, ana rufe titunan da tsawonsu ya haura kilomita 120. A 1995 hukumar wasanni da shaƙatawa ta birnin ta ƙara Recreovía a kai: a kafa dandamali a filin shaƙatawa, a kawo lasifika, gwamnati ta biya mai koyarwa, kowa ya zo ya yi rawar motsa jiki kyauta. Ba rajista, ba kayan sawa na musamman. Binciken da masana na Jami'ar Los Andes suka yi ya nuna yawancin masu zuwa mata ne, kuma da yawansu daga unguwannin masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Birnin Recife na Brazil ya fara irin wannan a 2002, a 2011 kuma ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta mayar da shi shiri na ƙasa baki ɗaya, ta haɗa shi da asibitocin unguwa. Hujjarsu a fili take: albashin mai koyar da rawa bai kai kuɗin jinyar shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda ba. Raunin wannan tsari shi ne yana rataye a wuyan kasafin kuɗi da ra'ayin wanda ke kan kujera.

A ƙasar Sin kuwa matan ba su jira kamfani ko gwamnati ba. Da sassafe da kuma bayan faɗuwar rana, a kusan kowane birni, za a ga dattawan mata sun jeru a dandali, ko gaban kanti, ko ƙarƙashin gada, da lasifika mai taya, suna rawa taku ɗaya. Ana ƙiyasta yawansu da mutum miliyan 100. Da yawansu sun yi ritaya tun suna shekara 50 ko 55 kamar yadda dokar ƙasar ta daɗe tana tanada, wasu an sallame su a shekarun 1990 da aka rufe masana'antun gwamnati, ɗansu ɗaya tilo kuma ya tafi wani birni aiki. Su ke zaɓen shugabarsu, su ke karo-karon kuɗin batir. Wannan ita ce cuɗanya mafi arha kuma mafi ɗorewa a duk misalan nan, amma ta zo da rigimarta, wato fili da ƙara. A Wenzhou a 2014 mazauna wasu benaye suka haɗa kuɗi suka sayi manyan lasifikoki suna mayar wa masu rawa martani. A Luoyang a 2017 aka ba hammata iska tsakanin dattawa masu rawa da samari 'yan ƙwallon kwando a kan fili ɗaya. Gwamnati ta fitar da taku 12 na bai ɗaya a 2015, sannan dokar hana gurɓata muhalli da ƙara da ta fara aiki ranar 5 ga Yunin 2022 ta ba hukumomi ikon ƙayyade wuri da lokaci da ƙarfin sauti. Mai aikin dare da ke son barci yana da gaskiya, tsohuwar da ba ta da kowa a gida ita ma tana da gaskiya. Laifin na waɗanda suka zana birni ne ba su bar wa tsofaffi wurin tsayawa ba.

Akwai wata ƙofar da ta fi kuɗi da fili nauyi a wurinmu, ita ce ta addini da mutunci. A watan Yunin 2017 hukumar wasannin jama'a ta Iran ta nemi a haramta Zumba, tana cewa ya saɓa wa koyarwar Musulunci. A shekarar nan dai Saudiyya ta fara ba wuraren motsa jiki na mata lasisi, ta kuma amince a fara darasin motsa jiki ga 'yan mata a makarantun gwamnati. Ƙasashe biyu na Musulmi, shekara ɗaya, hanya biyu. Maganar kiɗa malamai sun daɗe suna tattauna ta, kowa kuma yana da malamin da yake bi. Abin da na gani shi ne matan da kansu suna nemo mafita tun kafin a gama muhawarar. A ajin su Yaya ba namijin da ke shiga, har maigadi a waje yake tsayawa. An sa labule a tagogi. Waƙar da ke da batsa ba a sa ta, wani lokacin ma ganga ce zalla da tafi. Dokar da ta fi kowace tsanani ita ce ta waya: akwai kwando a bakin ƙofa, kowa ta jefa tata kafin ta cire hijabi. Malamar ta gaya min wannan kwandon ne ya kawo mata rabin ɗalibanta, don tsoron matar aure a yau shi ne ta wayi gari ta ga bidiyonta na yawo. Wanda duk ke son matan Arewa su motsa jiki, ya fara da tambayar wa zai gan su, kafin ya tambayi nawa za su biya. Mazan kuma nasu shingen daban ne. Namijin da zai yi rawa a bikin abokinsa ba zai yarda a gan shi a aji yana bin taku ba, ko da hawan jinin nasa ya fi na matarsa.

Annobar korona ta gwada duk wannan ta hanya mai ciwo. Ranar 15 ga Fabrairun 2020 masu koyar da rawar motsa jiki 27 suka yi taron horo na awa huɗu a birnin Cheonan na Koriya ta Kudu. Takwas daga cikinsu suna ɗauke da cutar ba su sani ba. Kafin 9 ga Maris an gano mutum 112 da suka kamu ta wurare 12. Ƙaramin ɗaki, jama'a da yawa, haki da gumi, duk abin da ke sa ajin daɗi shi ya yaɗa cutar. Aka rufe azuzuwa a ko'ina, aka koma bin malama ta allon waya. Kiɗan bai canza ba, takun bai canza ba, malamar ma ita ce, amma mutum na falonsa shi kaɗai, in ya kashe kyamara ya zauna ba wanda zai sani. Da aka buɗe gari mutane suka koma zaurukan, sai dai an koyi buɗe taga da rage cunkoso.

A farkon bana malamar su Yaya ta yi aure, aka kai ta wani gari. An yi mata walima a zauren, an yi kuka. Wadda ta gaje ta ta fi ta iya rawa, amma wata biyu ba ta riƙe sunan kowa ba, kuma ta fi son sahun gaba. Mata ashirin da 'yan kai suka koma goma sha biyu, kuɗin haya ya gagara, makarantar ta karɓi makullinta. Na ɗauka shi ke nan. Sai ga shi Hajiya Babba, mai kujerar roba, ta ce tsakar gidanta na da faɗi kuma maigidan ya amince. Yanzu su tara ne. Ba malama, ɗaya daga malaman asibitin nan ce ke tsayawa a gaba da ƙaramar lasifika, suna maimaita takun da suka haddace, in sun manta su ƙago nasu. Kwandon waya yana nan a bakin zaure. Ran Laraba da ta wuce na je gidan Yaya da la'asar na same ta tana ɗaure igiyar takalmi, waya a maƙale a kafaɗa, tana cewa, "Maman Sadiq, sati guda ke nan ba mu gan ki ba. Ki shirya, ga ni nan zan biyo in ɗauke ki."